Oza Bakwai a Jakar Orrin Bushey

Shekara ashirin da shida Orrin Bushey ya yi yana auna kifi a gasar da ake yi kowane Satumba a Haskell Bay, a bakin Kogin St. Lawrence, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin wanda ya ce a sake awo ba. Shi ba ya shiga gasar. Tasa ita ce ya bi gaɓa da tsohuwar a-kori-kurarsa, duk wanda ya kama kifi ya kira shi ta rediyo, ya zo ya kafa maratayinsa mai ƙafa uku, ya rataya sikeli.

Kafin ya ajiye aiki direban tankar madara ne. Shekara talatin yana zagaya gonakin shanu da asuba, yana tsoma sandar awo a tanki yana karantawa, har manoma suka riƙa cewa ko tankin uwarsa ne Orrin ba zai ƙara mata cokali ɗaya ba. Dogo ne mai ɗan doro, ba shi da yawan magana, hularsa koriya ta koɗe ta koma kalar ganyen kabeji. Sikelinsa ma tsoho ne, mai fuska kamar agogon bango da allura ɗaya. An sha ba shi na batir ya ƙi. Ya ce abin da ba ya iya ganin cikinsa ba zai rantse a kansa ba.

Kifin da ake kamawa a gasar, wani babban kifin kogi da suke kira kaf, ba cinsa ake yi ba. A kama, a auna, a mayar da shi ruwa da ransa. Da zarar ya kaɗa wutsiya ya nutse, abin da ya rage a duniya game da shi sai lambar da aka rubuta a kati, da sa hannun mutum uku: mai kifi, maƙwabcinsa na turke na gaba (turke shi ne wurin da aka ware wa kowane mai kamu a gaɓa), da mai awo. Dokar gasar ta ce katin da hannu uku suka hau ba ya tashi, sai fa in mai awo da kansa ya janye nasa. In ya janye, an soke kifin gaba ɗaya, kuma dole ya faɗi dalili a gaban jama'a.

Shi ya sa Orrin yake da tsarinsa da ba ya tsallakewa. Jakar da ake sa kifi a ciki, sai ya fara tsoma ta a kogi ta sha ruwa, ya ɗaga ta ta tsane, ya rataya ta wayam a sikeli, sannan ya murɗa allura ta koma sifiri. Busasshiyar jaka tana kankare yauƙin jikin kifi, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, in aka saita sifiri da busasshiyar jaka, to ruwan da za ta sha daga jikin kifin zai hau kan nauyinsa, a rubuta wa mutum abin da bai kama ba. In ya gama sai ya juya fuskar sikelin wajen mai kifi ya ce, "Ka ga sifiri?" Shi kuma ya ce, "Na gani." Sai an yi wannan tambaya da amsa kifi ke shiga jaka.

A shekarun farko mutane kan matso su ƙura wa allurar ido. Daga baya suka daina. Orrin ne fa. Mutum yana durƙushe a kan kifinsa yana watsa masa ruwa, ko ɗago kai ba zai yi ba zai ce "Na gani", kamar amin a coci.

Abin ya fara ne a watan Agusta, a teburin kicin. Orrin yana ɗaura ƙugiya irin ɗaurin da shi ya koya wa rabin garin. Kaf kifi ne mai wayo, yakan tsotsi abu ya tofar in ya ji ƙarfe, don haka ba a soka masara a jikin ƙugiya. Rataya ta ake yi a wani ɗan siririn zare da ke bayan ƙugiyar, wanda suke kira gashi. Kifi ya tsotsi masara, ƙugiya tsirara ta biyo baya, ya zo tofarwa ta kama leɓensa na ƙasa. Naɗi takwas Orrin ke yi wa ƙugiya kafin ya zura zaren ta idonta. Ran nan ya kai na biyar sai yatsunsa suka tsaya. Ba gajiya suka yi ba. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya san sunansa, ya san amfaninsa, amma inda zaren zai bi daga nan ya ɓace masa ɓat, kamar an share da tsumma. Ya fi minti goma a zaune kafin hanyar ta dawo.

Bayan mako biyu ya fita sayo burodi, sai ya tsinci kansa a ƙofar wata gona da aka sayar da shanunta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya sauko daga mota yana neman tiyon zuƙo madara.

Matarsa Verna ba ta ga na farkon ba, amma ta ga ya dawo ba burodi.

"Orrin, ka bar musu sikelin nan bana," in ji ta.

"In bar wa wa? Marcy Tiernan da abin wasan yaranta mai batir?"

"Marcy ta girma, jikoki gare ta."

"To ta je ta auna jikokin."

Verna ba ta yi dariya ba. Ta riga ta karɓo masa ranar ganin likita, amma sai cikin Oktoba. Ya ce to ai shi ke nan, gasa kwana uku ce, ya yi ta sau ashirin da shida, ko barci yake yi hannunsa ya san hanya.

Juma'a da Asabar suka wuce lafiya. Mutum arba'in a turke arba'in, kowa inda ƙuri'a ta jefa shi. Ranar Asabar da yamma wani mai gyaran famfo daga New Jersey, haifaffen Poland, sunansa Zaremba, ya fito da kifi mai laba talatin da takwas da oza biyu. Shi ne babba. In ba a wuce shi ba kafin a busa ƙaho Lahadi da tsakar rana, shi zai tafi da kifin katakon da ake bai wa gwani.

Lahadi gari ya waye da wata irin iska daga arewa maso yamma. Sama ta yi kalar dalma, kogi ya yi duhu, tsuntsayen ruwa duk sun hau tudu sun juya wa ruwan baya. Rediyo ta ce hadari zai iso kafin azahar. Wani jirgin kaya ya wuce can tsakiya ba tare da ya yi ƙara ba, igiyar ruwansa ta zo ta doki duwatsun gaɓa bayan ya ɓace.

Ƙarfe takwas da rabi aka kira shi daga turke na goma sha biyu. Tun kafin a gama magana ya gane muryar.

"Orrin! Kai tsohon banza, kana ina? Taho da sikelinka na zamanin Annabi Nuhu, yau za ka ga abin da bai taɓa ɗauka ba!"

Gaylord Sharlow ke nan. Tun suna aji ɗaya a firamare suke tare, shi ne abokin ango ran auren Orrin da Verna. Shekara goma sha tara yana shiga gasar nan bai taɓa ko zuwa na uku ba, kuma kowa ya san bana ce ta ƙarshe: gwiwoyinsa sun gama, 'yarsa za ta zo ta tafi da shi Arizona kafin sanyi, inda a cewarsa ko kwaɗo sai ya yi guzurin ruwa.

Orrin ya iske shi durƙushe a kan 'yar katifar da ake kwantar da kifi, wandonsa jiƙe har cinya, yana dariya yana haki. Kifin kuwa shirgege ne, jikinsa kamar an shafa masa tagulla. Mutane biyar shida sun baro sandunansu na kamun kifi sun kewaye. Iska tana neman ture ƙafa uku, sai da wani ya riƙe.

"Masara uku a gashi," in ji Gaylord. "Ɗaurinka ne, naɗi takwas. Ka ga amfanin zama da kai ke nan, shekara sittin sai yau."

"Bari in ga dalmar."

"Kai, wannan mutum! Kifi yana kwance kana binciken dalma?"

Doka ce, dole dalmar da ke nutsar da ƙugiya ta zama mai zamewa in zare ya tsinke, don kada kifi ya ja ta har ya mutu. Orrin ya ja, ta zame sumul. Ya ɗauko jaka daga bayan mota, ya rataya, ya murɗa allura, ya juya sikelin.

"Ka ga sifiri?"

"Na gani, na gani! Yi sauri kafin ya rame!"

Aka ɗaga kifin aka sa, wani ya ƙara watsa masa guga ɗaya don kada ya bushe. Allura ta yi rawa ta tsaya. Laba talatin da takwas da oza shida.

Ihun da Gaylord ya yi sai da aka ji shi a tsallaken Kanada. Ya rungumi Orrin har hularsa ta faɗi. Hannu uku suka hau kati, kifi ya koma ruwa, ya yi ɗan jim a tsakanin tafukan Gaylord, sannan ya kaɗa wutsiya ya shige duhu.

Kira na gaba daga turke na goma sha tara ne, ɗan ƙaramin kifi. Orrin ya tsoma jaka a kogi, ya bar ta ta tsane, ya rataya. Ya kai hannu zai taɓa allura sai ya tsaya.

Kullum in ya zo daga wani awo, allurar tana kan sifiri ko kusa da shi kamar faɗin gashi, tunda da jiƙaƙƙiyar jaka aka saita ta. Yanzu tana kan oza bakwai.

Ya ce a ransa gargada ce, hanyar gaɓa duk ramuka. Ya ce wa mai kifin ya ɗan dakata. A bayan kujerar mota akwai 'yar'uwar jakar, iri ɗaya sak, wadda bai taɓa ba tun Juma'a. Ya sauke jiƙaƙƙiyar ya rataya busasshiyar. Allura ta sauko a hankali ta zauna a kan sifiri, daidai wa daida.

Ya tsaya yana kallonta. Ya nemi ya tuno lokacin da ya sunkuya a turken Gaylord ya tsoma jaka a ruwa. Ya tuna dalma. Ya tuna hularsa a ƙasa. Tsakanin bayan mota da ƙugiyar sikeli kuwa babu komai, fili fetal, irin wanda ya gani a teburin kicin. Jakar ta kwana a buɗe iska ta busar da ita, shi kuma ya rataya ta haka. Kifin Gaylord bai kai talatin da takwas ba. Oza ɗaya ta rage masa. Na Zaremba ya fi shi.

"Mista Bushey, lafiya?" in ji mai kifin.

"Lafiya lau." Ya mayar da jiƙaƙƙiyar jaka, ya murɗa allura. "Ka ga sifiri?"

"Na gani," in ji mutumin, idonsa na kan kifinsa.

Ƙarfe goma Verna ta zo masa da kofi da burodi mai naman alade kamar yadda ta saba. Ta same shi zaune a mota, gilashi a rufe, ga biro a hannunsa. A bayan hannunsa na hagu ya rubuta lamba bakwai, ya maimaita ta har fatar ta yi ja.

Ta shiga ta rufe ƙofa. "Me ka manta?"

Ya gaya mata. Ta daɗe tana kallon kogi. Daga inda suke ana hango Gaylord yana kai da komo da waya a kunne, yana buɗe hannu ɗaya yana gwada wa 'yarsa girman kifin da ba ta gani.

"Kifin ya tafi," in ji Verna a hankali. "Babu wanda ya sani."

"Ni na sani."

"Orrin, in ka janye hannunka sai ka faɗi dalili. A gaban kowa."

"Na san dokar, ni na rubuta ta."

"To ka bari zuwa gobe mana. Ka kwana a kai."

Ya juyo ya dube ta. Ita ba ta taɓa ganin tsoro a fuskarsa haka ba, ko ran da tankarsa ta zame a ƙanƙara.

"Yau na sani, Verna. Gobe fa? In na tashi gobe na ga bakwai a hannuna ban san ta mece ce ba?"

Ta ajiye masa kofin a kusa da giyar mota ta fita.

Ya fara zuwa wurin Gaylord, domin bai ga dacewar ya ji a bakin taro ba. Ɗigon ruwan sama na farko ya soma sauka, manya-manya, jefi-jefi.

"Ga shi nan, mai sikelin zinariya! Zo ka zauna, akwai giya a sanyi. Na gaya wa 'yata Arlene ta share wuri a kan talabijin."

"Gay, ban jiƙa jakar ba."

"Wace jaka?"

"Da busasshiya na saita sifiri. Oza bakwai na ruwa ne."

Gaylord ya yi dariya, ya jira Orrin ya taya shi. Da ya ga bai taya ba sai dariyar ta mutu a hankali.

"Wasa kake yi."

"A'a."

"Ai ka tambaye ni, na ce na gani."

"Ka gani?"

"Yo ina zan gani, ina riƙe da kifi? Shekara nawa rabon da wani ya kalli allurar nan? Kai ne fa!" Ya miƙe da ƙyar yana dafa sanda. "To ka cire bakwai ɗin mana, ko na biyu in samu."

"Ba a cirewa. Sokewa ake yi."

"Wa ya gani? Ɗan Kanadan nan na turke sha uku? Shi da ko sunansa ba ya iya karantawa sai da tabarau? Orrin, dubi gwiwata. Bana ke nan. Kuskurenka ne, ba nawa ba, don me ni zan biya?"

"Gaskiyarka."

"Gaskiyata, amma za ka je."

"Zan je."

Gaylord ya juya masa baya, ya fara naɗe zarensa tun saura sa'a guda a busa ƙaho. Sai da Orrin ya kai bakin mota ya ɗaga murya.

"Ta yaya ma ka manta? Kai?"

Orrin ya shiga mota.

An busa ƙaho cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Jama'a suka cika zauren 'yan kwana-kwana, rigunan ruwa na ɗiga a siminti, fitilu na ƙyaftawa duk lokacin da aka yi tsawa. Marcy Tiernan, wadda ita ke riƙe da katunan, ta ɗaga na turke sha biyu za ta karanta, Orrin ya miƙe ya cire hula.

"Na janye hannuna daga wannan."

Zauren ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwanon rufi.

"Dalili, Mista Bushey?" Muryar Marcy ta yi ƙasa. "Ka san dole in tambaya."

Yana da abin faɗa in ya so. Iska ce, gaggawa ce, mutane sun yi yawa a kansa. Duk za a karɓa, a ce tsautsayi, baɗi ya dawo da sikelinsa. Ya dubi bayan hannunsa.

"Ban jiƙa jaka ba kafin sifiri. Kuma ba sauri ne ya sa ba. Ban san ban jiƙa ba sai da allura ta gaya mini. Kaina ya fara yoyo, tun watan Agusta. Ya kamata in faɗa tun ranar Juma'a."

Babu wanda ya motsa. Can daga baya wani ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "To na jiya fa? Na shekaranjiya fa?" Wani ya ce masa ya rufe baki. Amma maganar ta riga ta fita, kuma Orrin ya ga tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, har da na waɗanda suka ci gasar shekaru goma baya.

"Na Juma'a da Asabar allura ba ta taɓa gocewa ba," in ji shi. "Iyakar abin da zan iya rantsewa ke nan."

Zaremba ya karɓi kifin katako kamar wanda aka miƙa wa garwashi. Ya zo ya tsaya gaban Orrin, ya kama hannunsa da hannu biyu. Kujerar Gaylord babu kowa. Kafin a watse Orrin ya ɗauko sikelin daga mota ya ajiye a teburin Marcy.

"Ki riƙa sa su suna dubawa," ya ce. "In mutum ya ce ya gani bai ɗago kai ba, ki sake tambaya."

Jakar ce kawai ya tafi da ita gida. Ya rataya ta a ƙusa a gareji.

Gaylord bai zo gidan ba a Satumba, bai zo ba a Oktoba, ko ran da aka dawo daga wurin likita, alhali garin duk an ji abin da likitan ya ce, cewa ciwon mantuwa ne. Sai ana gobe zai tashi zuwa Arizona motar 'yarsa ta tsaya a ƙofar gida. Bai shigo ba. Ya tsaya a baranda ya miƙa wa Orrin wani ɗan gwangwani cike da ƙugiyoyi ɗaurarru, kowace da gashinta.

"A can babu abin kamawa sai ƙadangare," in ji shi. Ya dubi takalminsa. "Da na ɗago kai ran nan, da na ga jakar a bushe."

"Da ka gani."

"Har yanzu ban huce ba, ka sani."

"Na sani."

"Tsohon banza." Ya dafa kafaɗarsa ya sauka matakala ɗaya-ɗaya.

Sanyi ya shigo da wuri a shekarar. Wata safiya cikin Nuwamba Verna ta shiga gareji ɗauko shebur, ta ga ruwa ya taru a ƙasan ƙusa ya fara daskarewa. Ta taɓa jakar, jiƙe sharkaf. Ta matse ta ta shanya kusa da murhu. Washegari ta sake samunta a ƙusa tana ɗiga.

Rana ta uku ta iske shi a can da safe, sanye da koriyar hularsa, guga a gefensa. Ya ɗaga jakar sama yana jira ta tsane. Da ya ji motsinta sai ya juyo, ya nuna mata bangon da babu komai a jikinsa.

"Kin ga sifiri?"

Verna ta matso kusa. Ta ɗaga kai ta dubi inda yatsansa ke nunawa, ta daɗe tana dubawa, kafin ta ce, "Na gani."